Sunan Ɗiyar Fari

Tun ranar da Hafiza ta zaro tsohon littafin nan daga akwatin marigayi yayana, hankalina bai kwanta da shi ba. Bangonsa ya cire, gara ta ci gefensa, amma sai ga matan unguwarmu a Ƙetare suna cika tsakar gida bayan la'asar, ana ɓarar masara tana karanta musu. Labarin wata yarinya ne, Yalwa, da yunwa ta faɗa wa garinsu. Kullum sai ta tura wa ƙannenta tuwonta, ta ce ta ci a maƙwabta. Mata su yi ta share hawaye da bakin zane, suna Allah ya ba mu ɗiya irin wannan. Ni kuwa Baraka, gwaggon Hafiza, haushi ke cika ni, don na ga inda abin ya dosa.

Hafiza ta samu gurbi a makarantar koyon aikin ungozoma a Katsina, an kuma ce wadda ba ta je ba cikin makon, a ba wata. Mota sai ranar kasuwar Ƙanƙara take cika da wuri, hanyar kuwa yanzu ba mai son yamma ta yi masa a kanta. To ga uwarta Fatsuma a kwance, ɓarin jikinta ya shanye tun bara, ga ƙanne ƙanana. Sai yarinya ta ce ita ba za ta ba. Na kwaso kayana na dawo gidan, na ce ga ni, me ya rage? Ta ce, "Gwaggo, ke ma ai ƙafarki ciwo take." Ka ji fa, wai ƙafata ce za ta hana ta karatu.

Mutum ɗaya ne zai ce ta tafi ta tafi, uwarta. Fatsuma kuwa mutuniyar da ce. Hafiza ɗiyar fari ce, tun da ta haife ta ba ta taɓa kama sunanta ba, ba ta taɓa sa baki a sha'aninta ba. Daga "ke" sai "waccan". Na same ta a ɗaki na ce ta buɗe baki ta yi magana. Ta juya fuska bango ta ce, "Ɗiyarku ce, Baraka. Ku kuka san yadda za ku yi da ita." Amma hannunta mai lafiya yana ta tsinkar bakin tabarma, har ya yi mata ɓula.

Makon nan ba wanda ya zauna wuri ɗaya. In ɗaure kayan Hafiza, ta kwance. In aika wa Gide mai mashin ya zo ranar kasuwa, ta aika a ce ya bari. Fatsuma ta ce a fito da ita inuwa, an fito da ita ta ce a mai da ita ɗaki. Ni kaina sau biyu ina zuba wa miya gishiri.

Ana gobe kasuwa aka kai ƙarshen littafin. Damina ta yi kyau, gero ya nuna, aka dama wa Yalwa kunun sabon hatsi, amma ta kasa haɗiyewa. Ta cika uwarta na riƙe da ludayi. Tsakar gida ta ɗauki shessheƙa. Na dubi Hafiza, sai na ga fuskarta ta yi wani fayau kamar wadda aka yi wa albishir. Yarinyar nan ta ga kanta a ciki, kuma abin ya yi mata daɗi.

Sai Fatsuma ta yi magana daga tabarmarta, da bakin nan nata da ya karkace. "Ita uwar Yalwa, ina take duk lokacin nan?"

Khadijatu maƙwabciyarmu ta ce, "Tana nan mana, baiwar Allah. Ba ta sani ba ne."

"Ta sani," in ji Fatsuma. "Uwa ba ta rasa sanin wanda bai ci ba cikin ɗiyanta. Shiru ta yi."

Hafiza ta rufe littafin ta ce, "Inna, labari ne hwa." Fatsuma ba ta ko dube ta ba, ta ce a kai ta ɗaki.

Da safe Gide ya zo, don na sake aika masa. Hafiza na durƙushe tana wankin zannuwan uwarta, ta ce a ba shi haƙuri. Na yi faɗa, na yi lallashi, na kira sunan ubanta, a banza. Gide ya leƙo daga zaure ya ce, "Baba Baraka, mota na cika, ni zan wuce." Na ji ya tayar da mashin, na ji kamar in zauna a ƙasa in yi kuka.

"Hafiza."

Daga ɗaki muryar ta fito. Hafiza ta ɗaga kai tana waige-waige, ta duba zaure, ta dube ni, don ba ta san sunanta a wannan muryar ba.

"Hafizatu. Ɗauraye hannunki ki tahi. In kika zauna don ni, ban yafe ba."

Zanen ya suɓuce mata ya faɗa cikin ruwa. Ta rarrafa bakin ƙofa tana kuka, uwar ta ce kada ta shigo, lokaci na tafiya. Ni na ɗora mata jaka, na tura ta waje kafin Gide ya wuce, kumfar sabulu ba ta gama bushewa a hannunta ba.

Na dawo na tarar da Fatsuma ta ja zane ta rufe fuska. Ta ce, "Mutane sun ji?" Na ce har bayan katanga. Sannan ta ce, "Waccan ba ta sha kokonta ba."

Na leƙa gindin murhu. Kwanon kokon na nan a rufe, da ƙosai a gefensa, ko taɓa shi ba a yi ba. Na ƙulle ƙosan a leda, na fita da gudu a kan ƙafar nan tawa mai ciwo, ina ƙwala wa Gide kira.