Rabin Waƙar Teodora

Duk wanda ya san Casimiro Yujra ya san abu biyu game da shi: ya iya busa siku, kuma bai taɓa yin kuskure ba. Na farkon mutanen ƙauye ne suka shaida. Na biyun shi ya shaidi kansa, kuma da yake tsoho ne mai saurin hawa, ba wanda ya ga amfanin yi masa gardama.

Siku kuwa ba abin busar mutum ɗaya ba ne. Jerin kyauro biyu ake yankowa daga tushe guda a raba muryoyin waƙa tsakaninsu, rabin da ake kira ira ya ja gaba, arka ta amsa. In mutum ya busa rabinsa shi kaɗai, sai ka ji kamar mai in'ina. Shekara arba'in da ɗaya Casimiro yana riƙe da arka, Anselmo Ticona yana riƙe da ira. Tare suka yi haƙar kuza suna samari, tare suka dawo noman dankali a gefen tafki. In suka shiga da'irar mabusa, baƙo kan yi ta waige yana neman mutum gudan da ke wannan busa mai tsawon numfashi.

Suna da wata waƙa tasu su kaɗai, wadda suka haɗa lokacin da Casimiro ke neman Teodora. Da ita ya same ta, ita ce kuma waƙar da Teodora take nema a kowane biki har ta tsufa. Ranar da aka kai Teodora makwancinta, Casimiro ya tsaya bakin kabari da arkarsa a hannu yana duban hanyar da ta gangaro daga bayan dutse, inda gidan Anselmo yake. Har aka gama mayar da ƙasa Anselmo bai zo ba. Daga baya aka ce wai ya tafi kasuwa. Tun daga ranar Casimiro ya hana a ambaci sunansa a gabansa, in ma an fara cewa an ji Anselmo yana tari, sai ya tashi ya bar wurin. Wane ne ya shiga ramin kuza ya fito ba tari?

Yanzu shekara ta uku ke nan, ita ce ta ƙarshe da ake shirya wa mamaci babban tebur in matattu sun zo ziyararsu ta shekara-shekara, kamar yadda al'adar ƙauyen take. Gobe da tsakar rana za a raka kurwar Teodora maƙabarta a sallame ta, daga nan kuma a rataye siku sai bayan damina. In bai busa mata waƙarta gobe ba, shi ke nan, ta tafi ba ta ji ba. Wannan ne ya hana Casimiro jin daɗin abinci tun da watan ya kama.

Ya yi iya ƙoƙarinsa. Ya sami Eleuterio, malamin makarantar ƙauyen, mutum mai faɗin ƙirji da kunne mai kyau, ya rera masa rabin Anselmo da baki har ya haddace. Malam bai kuskure ko murya ɗaya ba. Amma duk lokacin da ya gama tasa, kafin arka ta shigo sai a sami wani ɗan giɓi, ƙanƙani ne, sai dai waƙar duk ta bi ta nan ta zube. Casimiro ya ce gaggawa ce ta yi wa malam yawa, ya ce 'yan boko ba su san jira ba, ya ce har kyauron ma ba na kirki ba ne. Eleuterio ya shanye duka, don yana ganin girman tsohon. A karo na ba adadi ya ajiye ira a kan cinyarsa ya ce, "Baba, ni dai inda ka koya mini nan nake tsayawa." Casimiro ya sallame shi ba ko godiya.

Da hantsi yana jera burodi da busasshen dankali a teburin Teodora sai ga Mama Basilia, matar Anselmo, ta shigo ba wanda ya gayyace ta. Ta ajiye kwandon burodin da ta gasa wa ƙawarta, ta yi addu'arta a tsanake, sannan ta juyo. Ta ce ta gaji da tsofaffi biyu masu taurin kai. Ta ce safiyar jana'izar nan mijinta ya ɗauki ira zai gwada, sai jini ya biyo numfashinsa. Ya sake gwadawa, murya ɗaya ma ta gagare shi. Shi ne ya rantsar da ita kada ta faɗa, wai gara a kira shi maci amana da ya tsaya gaban jama'a ya yanka waƙar Teodora gunduwa-gunduwa.

"Na cika masa alkawari shekara uku," in ji ta. "Ya isa haka. In kana son ganin abokinka, ƙafa gare ka."

Casimiro ya so ya yi fushi, ya laluba ya rasa inda zai kama. Kunya ce ta rufe shi, da wani tsoro da bai shirya masa ba. Ya ɗauki hularsa da arkarsa ya hau dutsen.

Ya iske Anselmo zaune a rana jikin katanga, an lulluɓe shi da bargo, ya rame har hular ta yi masa yawa. Suka dubi juna. Casimiro ya ciro jakar ganyen koka ya miƙa, Anselmo ya ɗiba ya miƙo tasa, suka yi ta tauna. Can Anselmo ya ce ya ji labari ana wahalar da malamin makaranta. Casimiro ya karɓe zancen da zafi, ya shiga lissafa laifin Eleuterio, ya kawo maganar giɓin nan. Anselmo ya fara dariya, dariyar ta koma tari, sai da Casimiro ya dafa masa baya.

"Kai dai har ka mutu ba ka da laifi," in ji Anselmo da ya samu numfashi. "Malam daidai yake busawa. Kai ne ke makara, tsohon banza. Tun ranar farko kake makara. Ni nake jan tawa ina jiranka har ka iso."

Casimiro ya ce ƙarya ne. Anselmo ya ce to. Casimiro ya tambaye shi me ya hana shi faɗa duk shekarun nan, shi kuwa ya ɗaga kafaɗa ya ce a lokacin yana da numfashin da zai yi kyauta da shi, kuma Teodora ma ta sani, ita ce ta ce a ƙyale shi. Laifi tudu ne, Casimiro ya shekara arba'in da ɗaya a kan nasa yana hangen na wasu. Ya sunkuyar da kai yana juya arkar a hannunsa, idonsa ya cika.

Ya tambaya ko ira tana nan. Tana nan, Basilia ta naɗe ta a tsumma ta ɓoye a rufin ɗaki. Anselmo ya gargaɗe shi cewa numfashin da ya rage masa bai fi na hura wuta ba, murya ɗaya in ya fara ba ta kai rabin inda take kaiwa da. Casimiro ya ce ya ji.

Washegari aka ɗora Anselmo a kan jaki aka gangaro da shi. Maƙabarta ta cika maƙil, kowane gida na zaune gefen kabarin mamacinsu da abinci, rana ta kusa tsakiya. Aka zaunar da shi a kan dutse kusa da kabarin Teodora. Casimiro, wanda bai taɓa busa a durƙushe ba, ya durƙusa gabansa don kunnensa ya kusanci bakin kyauron.

Anselmo ya ja gaba. Muryar ta fito siririya, ta fara rawa tun ba ta yi nisa ba. Casimiro ya ji inda za ta karye, ya shigo kafin ta karye, ya riƙe tasa, ya ci gaba da riƙewa har ƙirjinsa ya yi zafi, har abokinsa ya samu ya ja iska ya dawo. Haka suka bi waƙar, shi yana taro kowace murya tun kafin ta faɗi. A nan ya gane nauyin abin da aka yi ta ɗaukar masa, don kafin su kai tsakiya kansa ya fara juyawa. Matan da ke kusa suka daina raba burodi. Eleuterio, da ke tsaye can baya, ya cire hularsa.

Da suka kai ƙarshe Anselmo ya jingina da kafaɗar Basilia yana haki, ya daɗe kafin ya iya magana. Ya yafito Casimiro da yatsa.

"Yau kuma ka yi gaggawa," in ji shi.

Casimiro ya share fuskarsa da gefen bargo. "Da sauran lokaci kafin ta tafi," ya ce. "Huta, mu sake. Ina jiranka."