Hon Ɗin Mai Burodi

Shekara talatin da ɗaya Malama Perpetua Noronha tana shirya matasan ƙauyen nan na Goa domin Tabbatarwa, ranar da Bishop ke shafa musu mai a goshi, kuma ba a taɓa mayar mata da yaro ko ɗaya ba. Sai bana, shekararta ta ƙarshe, damina ta zo da hauka. Kogi ya cinye gada, aka jibge waɗanda ruwa ya kora a zauren coci da awakinsu. Aji ya watse.

Fada Ligorio, limamin cocin, kuwa ba ya wasa. "Malama, saura mako shida. In ba su kawo baye-baye bakwai na Ruhu Mai Tsarki ba, su jira zuwan Bishop na gaba, bayan shekara uku."

Shekara uku! Kafin nan rabinsu sun bi jirgin ruwa neman aiki. Abin ya tsaya mata a rai.

Mutum ɗaya ke ratsa kowane lungu ko ruwa ya kai gwiwa: Bostiao mai burodi, tsoho mai keke da hon na roba. Ta rubuta darasi a takardu, ta ce ya riƙa naɗe burodin gidajen yaran da su.

Bayan mako biyu ta sayi kifi, sai ga takardar darasin Tsoron Allah da rubutun hannunta naɗe da kan kifin.

"Bostiao! Wannan fa?"

"Malama, yaran nan barci suke har rana ta take. Iyayensu mata ke karɓa. Jiya na ga an hura wuta da Hikima."

"Wayyo ni Perpetua!"

"Ki bar ni da su," in ji shi.

Washegari da sassafe ta ji shi daga nesa yana matsa hon. Pom! "Hikima!" Pom! "Fahimta!" Pom! "Shawara!" A ƙarƙashin tagar kowane yaro sai ya tsaya ya kai bakwai. Aka jefe shi da silifa. Jacinta, wadda ta fi kowa baki a ajin, ta leƙo tana cewa, "Baba, don Allah ka sayar da burodinka ka bar mu mu yi barci!" Ya ce mata, pom, "Ƙarfin hali!" ya wuce. Har mai shago Naik, wanda ba Kirista ba ne, ya fara cewa a ba shi Ibada biyu masu zafi.

Ranar jarrabawa aka jera su goma sha ɗaya a coci. Fada ya gyara tabarau.

"Jacinta, baye-baye bakwai."

Bakin nan da ba ya gajiya ya mutu murus. Fada ya tambayi na kusa da ita, ya tambayi na gaba, kowa na kallon yatsun ƙafarsa. Fada ya soma rufe littafi.

Pom!

"Hikima!" suka faɗa baki ɗaya, su kansu sai da suka firgita.

Pom! "Fahimta!" Haka har bakwai, babu tuntuɓe.

Fada ya leƙa taga. "Kai, shigo nan! Ranar Tabbatarwa ma da hon za ka tsaya bayan Bishop?"

Bostiao ya shigo, hula a hannu, garin fulawa har gira. "In an yarda, Fada, a layi zan tsaya. Ina ɗan shekara goma sha huɗu jirgi ya tafi da ni, saura kwana tara Bishop ya zo. Da na dawo gemu ya fito, kunya ta hana ni zama cikin yara."

Babu wanda ya yi dariya, har Jacinta.

"Kawo su," in ji Fada. "Ba hon."

Ya kawo su tsaf, har da ma'anar kowanne, yadda ta rubuta a takardun. Ashe kafin ya naɗe burodi sai ya karanta.

"Wa zai tsaya maka, ya dafa kafaɗarka a gaban Bishop?" in ji Fada.

Tsohon ya juyo ya dubi Malama Perpetua. Ta share ido da bakin mayafi, ta harare shi.

"Sai ka wanke garin nan tukuna," ta ce. "Ba zan ɓata farar rigata ba."