Awoyin da Ta Wanke da Soso

Tana tsugunne tana wanke-wanke ƙanin mijinta ya shigo ba ko sallama, riƙe da takalman aikin yayansa. Ya ce Dogo, mijinta, ya yanke jiki ya faɗi a bakin sito da buhu a kafaɗa, kafin a kai asibiti rai ya yi halinsa. Abin da ya fara fita daga bakinta, har yau in ta tuna sai ta rufe fuska: "To wa zai ci abincin da na ajiye masa?"

Dogo lebura ne, da awa ake biyansa, kuma sati bakwai ke nan kamfanin bai ba su ko sisi ba. Kullum sai a ce kuɗi na hanya. Bai iya rubutu ba, amma yana da allinsa. In ya dawo, kafin ya tuɓe riga, sai ya ja layuka a bayan ƙyauren ɗaki, kowace awa layi ɗaya, kowace rana jeri guda. Ranar da aka biya ya goge.

Ta san da wannan sarai. Amma a kwana na biyu da rasuwar hannunta ya kasa zama, ga masu gaisuwa suna ta shigowa, ita kuma mace ce mai ji da tsafta. Ta wanke tagogi, ta wanke kujeru, ta iso ƙyaure da soso da kumfa, ta fara daga sama tana kuka tana dirza.

"Yaya! Me kike yi haka?" in ji ƙanin mijin.

"Tsafta."

Ya ƙirga abin da ya rage, ya dafe kai. "Sannu da aiki. Sati uku kika wanke wa kamfani."

Da suka je wajen akawun kamfanin, ya buɗe littafi ya ce kwana goma sha biyu kacal marigayi ya yi, sauran duk fashi ne. Dogo da ko zazzaɓi bai taɓa hana shi fita ba! Daga nan suka zarce ofishin ƙwadago. Wata ma'aikaciya mai tabarau ta saurare su tsaf.

"Mama, kuɗin nan guminsa ne, ba kyauta ba ce. Doka ta sa ranar biya, wanda ya wuce ta ya yi laifi. Mutuwa kuma ba ta cinye haƙƙi, na magada ne. Kina da shaidar awoyinsa?"

"Akwai, 'yar nan. Sai dai tana manne da gida."

Washegari suka cire ƙyauren, ta lulluɓe shi da zanen gadonta mafi kyau saboda hadari ya haɗo, suka ɗora a baro. Ƙanin na turawa, ita tana gefe tana korar mutane kamar mai rakiyar majinyaci. Maigadin ofishin ya tare su.

"Baba, kafinta yana layin baya."

"Takarda muka kawo," ta ce. "Girma ne ya yi mata yawa."

Ma'aikaciyar ta durƙusa da biro tana ƙirga layuka ɗaya bayan ɗaya. Aka kira leburori uku, kowa ya faɗi ranakun da suka yi tare da Dogo, lissafi ya zo daidai. Da ta kai sama inda katako ke sheƙi, ta ɗago kai.

"Nan fa?"

"Nan aikina ne," matar ta ce. "Ba a taɓa kushe wankina ba."

Bayan wata biyu aka biya sati huɗu cif, har da tarar jinkiri. Na ukun da soso ya ci, abin da littafin akawu ya faɗa shi aka bi, bai taka kara ya karya ba. Manaja na sa hannu ta ji bakinta ya buɗe zai ce Allah ya saka da alheri, sai da ƙanin ya taka mata ƙafa.

Shi ya mayar da ƙyauren, kuma shi ba kafinta ba ne. Tun ranar ƙyauren yake jan ƙasa. Kowace safiya sai ta sa tafin ƙafa ta ɗan ɗaga shi kafin ya buɗu, ta riƙe shi ta can gefe da yatsu biyu, don kada hannunta ya taɓa allin.