Gwangwanin Inna Kulu

Idan mutum ya wanke ƙasan motarsa kafin ya sayar da ita, tsabta ya yi ko ƙarya? Jelani ya kwana biyu yana juya wannan tambaya a ransa.

Motar tsohuwar jif ce, irin wadda yashi ba ya riƙewa. Da ita ya shekara da shekaru yana jigilar mutane da buhunan albasa tsakanin Goronyo da ƙauyuka. Aibinta ɗaya, zubar baƙin mai. Duk inda ta kwana sai ta bar tabo a ƙasa. Shafi'u makanike ya shiga ƙarƙashinta ya duba, ya ce robar da ke tare mai a bayan inji ce ta cinye, kuma ba a kai hannu gare ta sai an sauke giya gaba ɗaya, an aika Sakkwato neman sabuwa. Da ya faɗi kuɗin aikin, Jelani ya ga daidai suke da na injin ban-ruwan da yake son saye kafin dashen albasa ya wuce.

"To, sai da ta mana," in ji Shafi'u. "In wanke maka ita da kananzir, in zuba mai kauri. Ba ta ɗiga sai inji ya yi zahi ƙwarai. Wa ka tsayawa jiran wannan?"

Haka aka yi. Mai saye ma ta samu: Sista Jemima, ungozoma a wani ƙaramin asibiti can wajen Kagara. Mutanen ƙauyen ne suka yi karo-karo, suna son motar da za ta fito da mata masu naƙuda idan damina ta lalata hanya.

Matarsa Nuriyya ce ta fara tayar masa da zancen, tana miƙa masa fura.

"Malam, ka hwaɗa ma Sista."

"In hwaɗa mata mi? Ta tambaye ni?"

"Wanda bai san abu ba, ƙaƙa za shi tambaya?"

"Ba ni hwaɗi," ya ce, ya ture ƙwaryar. "Ni ban ce mata lafiyar mota lau ba. Ga mota nan, ga idonta."

Ranar ciniki Jemima ta zo da hantsi a kan babur. Ta zagaya motar, ta taɓa tayoyi, ta auna bayanta da taku don ta ga ko katifa za ta shiga. Ta leƙa ƙasa. Wurin tas yake, har yashin ma Jelani ya sa an share.

"Malam Jelani, ka iya riƙon mota," ta ce. "Watan jiya a amalanke muka ɗauko wata yarinya. A hanya ta haihu. Allah dai ya rufa asiri."

Jelani ya ce amin, idonsa a kan makulli.

Suna cikin haka sai ga Inna Kulu, tsohuwar da ke katanga ɗaya da shi, tana tafe da gwangwanin madara a hannu. Tun da jif ta fara zuba take tura gwangwanin nan ƙarƙashinta da yamma, da safe ta ɗauke. Da baƙin man take shafa wa jakinta gyambon baya, saura ta shafe ƙafafun rumbunta saboda gara. Ta kife gwangwanin a gabansa, ta kaɗa. Babu ko ɗigo.

"Kai Jelani, mi ya samu saniyarka? Ta ƙafe? Kullum ina tatsa, yanzu ko laimar hannu babu. Jakina ƙudaje sun hana shi kiwo."

Jemima ta yi dariya. "Ashe har kiwo kake yi, Malam? Ina saniyar take?"

Ba ta gane ba. Jelani ya ga haka ƙarara a fuskarta. Inna Kulu kuwa kunnenta ya yi nauyi, ba ta ji tambayar ba. Abin da ya rage masa kaɗan ne: ya ce saniyar tana ruga wajen Fulani, a yi dariya, a ci gaba da ciniki. Har ya buɗe baki. Sai ya lura cewa wannan karon an tambaye shi.

Ya dubi hanyar da ta miƙe gabas. Ya san wani kwari a kanta inda yashi ke sa inji ya yi ta gurnani har murfin mota ya ƙi taɓuwa. Ya san kuma abin da ke samun inji idan mai ya ƙare masa a irin wurin nan, da katifa a baya. Daga ƙofar zaure ya ji motsin labule, ya san Nuriyya ce, bai waiga ba.

"Inna, kawo gwangwanin."

Ya shiga ya tayar da motar, ya bar ta tana ruri. Ya fito ya tattare rigarsa, ya durƙusa, ya tura gwangwanin daidai inda tsohon tabon yake.

"Sista, matso ki tsuguna nan," ya ce. "Sai kin yi haƙuri kaɗan. Ba ta badawa sai ta yi zahi."