Ɓawon Dankali a Aljihun Yaya

Yayana mai fenti ne, tun da na yi wayo a kan tsani na san shi. Ko wane irin wanka ya yi, sai ka ga farin fenti a gindin farcensa. Ciwon suga ya kama shi ne bayan ya riga ya ɗauke masa mata. Ita sai da aka yanke mata ƙafa kafin ta rasu, kuma babbar 'yarsu ce ta yi jinyarta, ita ke wanke gyambon safe da yamma. Don haka ranar da muka dawo da Yaya daga asibiti da allurar da zai riƙa yi wa kansa kullum, yarinyar nan ta ɗaure fuska ta karɓe kicin.

Likita cewa ya yi a rage shinkafa da burodi da dankali. Ina wurin, ita ma tana wurin. Amma sai ta yi nata tunanin: in ragewa na da amfani, ai dainawa ta fi. Ta kwashe taliya da shinkafa da ragowar buhun dankali ta rarraba wa maƙwabta. Kwanon da Yaya ke tafiya da shi wurin aiki ya koma kabeji da ganye da dafaffen ƙwai ɗaya. Muka sa mata suna Likitar Gida don tsokana, ko murmushi ba ta yi ba.

"Uwata, ko akuya ai ana haɗa mata da dusa," in ji Yaya wata safiya yana leƙa kwanon. Sunan mahaifiyarmu gare ta, shi ya sa yake kiranta haka.

"Baba, ka ga ƙafar Mama ko ba ka gani ba?"

Ya rufe kwanon ya ɗauki burushinsa ya fita.

Na ja ta gefe na ce mata wanda ke wuni yana hawa da sauka ba zai rayu da ganye ba. Ta dube ni ta ce, "Gwaggo, ke ba ki wanke gyambon nan ba." Raina ya ɓaci ƙwarai, amma gaskiya ta faɗa.

Yaya ya ci gaba da tsira allurarsa kowace safiya yadda aka auna masa, yana cin ganyensa, kuma abin mamaki yana dawowa da ƙafarsa. Ashe akwai abin da ke riƙe da shi. A bakin ginin da suke wa fenti, wata dattijuwa na sayar wa leburori dafaffen dankali da gishiri. Da hantsi ya yi, in ya ji hannunsa na rawa, zufa mai sanyi na keto masa, sai ya sauko ya ci ƙwara biyu a tsaye, ya cusa ɓawon a aljihu kamar ɓarawo, ya koma sama.

Wurin wanki 'yar tasa ta tsinci ɓawon. Ba ta yi masa magana ba, don ta san zai yi mata dariya ya ce daga yau ya bari. Sai ta wanke ƙafa ta tafi wurin dattijuwar, ta durƙusa a gaban tukunyarta tana kuka, ta ba ta labarin ƙafar Mama tun daga yatsa har gwiwa. Matar ta yi mata alkawarin ba za ta ƙara sayar masa ba.

Abin da ya faru washegari, daga bakin dattijuwar na ji shi, tana faɗa tana share hawaye da gefen zane. Ta ce ya sauko rigarsa sharkaf, maganarsa na sarƙewa, ya ce ta ba shi biyu.

"Ka yi haƙuri, malam. 'Yarka ta haɗa ni da Allah."

Ta ce ya tsaya yana kallon tukunyar, sannan ya yi 'yar dariya ya ce, "To, ta kama ni." Ya juya ya kama tsani. Bai daɗe da hawa ba suka ji faɗuwarsa, shi da bokitin fentin.

Ƙugu ya karye, baya ya taɓu. A asibiti nas ta tambayi abin da ya karya kumallo da shi, yarinyar ta lissafa mata da ƙarfin gwiwa, don a ganinta nan ne kawai ba ta da laifi. Nas ta ce sugansa ne ya yi ƙasa har ya fita hayyacinsa. Allurar aikinta ta ja suga ƙasa, in ba ta tarar da abinci ba sai ta ja mutum. Ta ce dankali ba guba ba ne, a dafa a ci daidai ciki tare da ganyen. Ba da faɗa ta yi maganar ba, tana yi tana gyara ledar ruwa.

Na so in ce wa yarinyar ai na gaya miki. Har maganar ta zo bakina, sai na ga yadda ta riƙe ƙarfen gadon, na haɗiye abata. Tausayinta ya fi ƙarfin fushina.

Yanzu Yaya na kwance a ɗaki, tsanin na jingine a bayan gida, kuma an ce ba zai sake hawansa ba. Ranar da aka sallamo shi yarinyar ta dafa dankali da kanta, ta ɓare, ta yayyanka, ta barbaɗa gishiri ta kawo masa. Ya dubi farantin, yawu na taruwa a bakinsa, amma bai miƙa hannu ba. Ya ɗago ido ya dube ta.

"Uwata, kin yarda in ci?"

Ba da gatse ya faɗa ba, tambaya ce tsakani da Allah. Ta ajiye farantin a gefen gadon ta fita da sauri, ni na zauna na ba shi a baki.