Wa Ya Goge Kwandalar Baba?

Ni dai a gidanmu an san ni da goge-goge. Tukunya, famfo, mariƙin ƙofa, ba abin da nake bari, har ƙannen mijina suka laƙaba mini Uwar Tsafta. Ban taɓa jin haushin sunan ba sai da ya jawo mini sharri.

Da surukina, Baba, ya rasu, aka buɗe akwatinsa aka sami wata tsohuwar kwandalar azurfa naɗe cikin ƙyalle. Wan mijina, wanda muke kira Yaya, ya nuna wa wani abokinsa mai tara irin waɗannan kuɗi. Abokin ya ce da ba a goge ta ba da ta yi tsada sosai, domin masu saye sun fi son tsohon kuɗi da duhunsa. Shi ke nan fa. Yaya ya dawo ya tara mu a falo, ya ce ai ba sai an yi bincike ba, wa ke share ɗakin Baba tun da ya kwanta ciwo?

Na ce wallahi ban taɓa ganin kwandalar nan ba sai ranar da aka buɗe akwati. Na juya wajen maigidana ina jiran ya ce wani abu. Bawan Allah nan ya sunkuyar da kai yana wasa da makullin babur. Zomo ba ya fushi da makashinsa sai maratayinsa: maganar Yaya ta ƙona ni, amma shirun maigidana ne ya hana ni cin abinci. Mutumin da muka haifi 'ya'ya tare, a ce yana zargina a zuci?

Ni na matsa a kai ta wurin masana tsofaffin kuɗi. Muka tafi mu uku wani ɗan kanti a bayan layin masu gyaran agogo. Mai kantin wata dattijuwa ce doguwa, ana ce mata Mai Madubi saboda ɗan gilashin ƙara girma da ke rataye a wuyanta. Teburinta ba komai sai fitila mai lanƙwasa, ƙaramin sikeli da wani baƙin ƙyalle mai laushi.

Yaya ya damƙo kwandalar zai miƙa mata, ta ce, “Malam, ta gefe ake riƙewa. Zufar yatsa ma ɓarna ce.”

Ta aza ta a sikeli, ta auna faɗinta, ta kara mata maganaɗisu bai kama ba. Ta ce azurfa ce ta gaskiya, kuma ba ta sha hannu sosai ba, tunda gashin kan mutumin da ke jiki bai shafe ba. Sannan ta kashe fitilar sama, ta bar ta tebur kaɗai, ta riƙa karkata kwandalar a hankali tana juyawa.

Ta ce, “Wadda ba a taɓa ba, in ka juya ta haske yakan zagaya fuskarta. Wannan haskenta a kwance yake. Ga kuma siraran layuka duk sun bi hanya ɗaya. An goge ta.”

Yaya ya gyara tsayuwa, ya ce, “To, kun dai ji. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi.”

Sai na ji murya a bayana. Maigidana ne.

“Yaya, ka yi haƙuri, an goge ɗin, amma ba ita ba ce. Ta ce ba ta taɓa ba, kuma tun da na aure ta ban taɓa kama ta da ƙarya ba. Ita ta yi jinyar Baba lokacin da mu muke leƙowa mu tafi. Tun ranar nan ya kamata in faɗi haka, nauyinka na ji.”

Hawaye kawai na ji suna bin kumatuna, a gaban baƙuwa, ko kunya.

Mai Madubi ta dube mu ta saman gilashinta. “Ku mutanen nan kun cika gaggawa, ai ban gama ba. Zo nan, 'yata, sa idonki.”

Na leƙa ta gilashin. Layukan na nan, amma wani duhu-duhu mai ruwan toka ya kwanta a kansu, har cikin ramukansu.

Ta ce, “Sabuwar guga fari take fat, kamar cokali. Wannan duhun ya sake hawa ne bayan an goge, kuma azurfa ba ta yin haka a shekara biyu ko biyar. Wanda ya yi aikin nan, ina jin ko haihuwarki ba a yi ba. Mutanen da, in suna son abu, gogewa suke yi.”

Ta ce darajarta ta ragu, ba ƙarya, amma tsohuwar guga irin wannan tana da masu so, kuma za ta rubuta mana matsayinta tsakani da Allah ko za mu sayar. Yaya ya yi ta sosa ƙeya. Da ƙyar ya tattaro, “Uwar Tsafta, a yafe ni.” Na ce ya wuce, ko da yake sai da na bari ya ɗan jira.

Da muka fito, Yaya ya yi gaba. Maigidana ya tayar da babur, bai yarda mun haɗa ido ba.

Ya ce, “Na makara, ko?”

Na ce, “Ka makara ƙwarai, Baban yara. Amma ka riga matar nan wanke ni, kuma abin da nake nema ke nan.” Na hau bayansa na riƙe shi da kyau.