Ashirin da Takwas a Tayar Baya

Littafin da ya zo tare da babur ɗin ya ce iska ashirin da huɗu a tayar gaba, ashirin da takwas a ta baya, kuma Mainasara bai taɓa kama littafi da ƙarya ba. Malamin gona ne a Yelwa. Ofis ya ba shi babur, da littafin, da wani ɗan geji na auna iska mai kama da alƙalami. Famfon busa iskar kuwa an kulle shi a sito don kada ya ɓace.

Daminar 1968 ce. An toshe kogi a Kainji, ruwa yana ta hawowa ba gaggawa, kamar ma'aikacin da ya san ba mai korarsa. An kwashe mutanen Tungar Cindo a motocin kaya zuwa sabon gari a kan tudu, in ban da mutum ɗaya: Inna Asibi, mahaifiyar Mainasara. Ta ji labarin yadda tukwanen maƙwabta suka isa can a farfashe, ita kuwa tana da wata 'yar tukunya cike da irin albasa, an liƙe bakinta da laka, irin da ta yi shekara talatin tana zaɓe tana ajiyewa. Ta ce ba ta hawa. Ranar Laraba saƙo ya iso ofis cewa ruwa ya kusa rufe fadamar da ke tsakanin ƙauyen da hanya, jiragen ruwan ƙauyen kuma duk sun bi masu su.

Da safe ya biya wurin Maliki mai faci, a bakin kasuwa, ya ce a cika tayar baya zuwa ashirin da takwas. Maliki ya danna tayar da babban yatsa.

"Ina za ka, Malam?"

"Tungar Cindo. Inna zan ɗauko."

"To ka rage, ba ƙari ba. Rairai na hanyar nan. Taya in ta yi tauri, haƙa takai kamar gafiya."

"Da fasinja da kaya ana son tauri. Yana rubuce."

"Wanda ya rubuta ya taɓa zuwa Tungar Cindo?"

Maliki ya busa, yana tsaki, Mainasara yana aunawa, har gejin ya nuna abin da littafi ya so. Sai Maliki ya miƙo masa wani tsohon famfon keke, an ɗaɗɗaure shi da tsummokin roba.

"Tahi da wanga. Ka sace iska a rairai, ka maida in ka hau tsakuwa."

Mainasara ya dubi famfon, ya dubi babur ɗin gwamnati mai sheƙi, ya ce ya gode, ba ya bukata.

Tafiya ba ta yi wuya ba, tunda shi kaɗai ne. A rairayi ya sa ƙafafu ya yi ta tunkuɗawa, ya wuce. Ruwa a fadama bai kai idon sawu ba. Ya sami Inna zaune a ƙofar ɗakin da aka riga aka yaye wa jinka, tukunya a cinya, ƙunshin kaya a gefe.

"Malam ya iso," in ji ta. Tun da ya gama makaranta take kiransa haka, kuma har yanzu bai gane ko yabo ba ne.

Ya ɗaure ƙunshin, ya taimaka mata ta hau, ta rungume tukunya a tsakaninsu. Ba su yi nisa ba ta fara dukan kafaɗarsa.

"Kai, tsaya! Wanga abu jaki na ko turmi? Haƙoran da sunka rage min kake son zubarwa? In tukunyag ga ta tsage, ka sani ni da kai ne."

"Inna, haka ake sa iskar."

"Wa ya ce?"

Ya rage gudu, da rage gudun kuwa suka shiga rairayi, tayar baya ta yi abin da Maliki ya ce za ta yi. Ta haƙa, ta watsa ƙasa, ta nutse har ƙarfenta ya ɓace. Injin ya mutu. A shirun da ya biyo baya ya ji ƙarar ruwa a cikin ciyawa, can gaba, inda ɗazu ya bi. Kututturen da ya gani a tsaye da safe yanzu kansa kawai ya rage.

Inna ta sauka ta tsaya a inuwa. Ya tura, ya ja, ya tona da hannu, gumi ya jiƙe masa farar riga. Ya sake tayarwa, tayar ta ƙara nutsewa. Daga ƙarshe ya durƙusa, ya samu ɗan tsinke, ya danna bawul, bakin da ake busa wa taya iska. Iskar littafi ta fita tana huci. Ya auna: ashirin. Ya sake dannawa. Sha biyar. Ya auna sau biyu, don aƙalla a san cewa da ilimi aka saɓa wa littafin.

"Mi kake rubutawa a tayar?" in ji Inna.

"Aunawa nake."

"Auna ruwan can, shi aka tsoro."

Tayar ta baje a kan rairayin, ta kama, babur ya fito kamar bai taɓa gardama ba. Inna ta hau. A fadama ruwa ya kai masu ƙwauri, injin ya yi tari sau biyu, ta yi salati da ƙarfi, suka haye. Ba ta waiwaya ba. Shi ne ya waiwaya, bai ga hanyar da suka biyo ba.

"Yanzu ka yi hankali," in ji ta, tana gyara zama. "Haka ya kamata tun farko. Kamar shimfiɗa."

Sabuwar hanyar da aka yi wa sabon gari ta tsakuwa ce, manya-manya, masu kaifi. A nan ne ake maida iska. Mainasara yana da geji a aljihu wanda zai gaya masa daidai abin da ya rage a tayar, ba shi da abin da zai ƙara mata ko numfashi ɗaya. Ya lallaɓa, yana kauce wa duwatsu. Ya kauce wa da yawa. Wanda bai kauce wa ba ya matse robar ciki da ƙarfen taya, aka ji fus, babur ya zauna.

Mil huɗu suka rage. Inna ta naɗa gammo, ta ɗora tukunya a ka, ta wuce gaba. Shi ya biyo baya yana tura babur da ƙunshin kaya, taya tana talaf-talaf. Sau ɗaya kawai ta tsaya ta jira shi, ta ce, "Da ka ce min tahiya za mu yi da ƙasa, ai da tun jiya na iso."

Bayan la'asar suka shiga sabon gari. Ɗakuna a jere, duk iri ɗaya, kowane da lamba. Halimatu, maƙwabciyarta ta dā, ta fito tana guɗa, ta nuna mata nata. Inna ta sauke tukunyar a hankali, ta juya ta, ta ƙwanƙwasa da yatsa ko'ina. Ba tsaga. Lakar bakin ma ba ta motsa ba.

Sai ta fita bayan ɗaki, ta daki ƙasa da diddige. Marmara ce, ja, mai tauri. Ta sake duka a wani wurin.

"Halimatu, ina ruwa?"

"Rijiya guda ce, ana layi. Kogi kuwa da nisa."

Inna ta daɗe tana duban gangare. Mainasara ya jingine babur, ya zauna a ƙasa.

"Malam," in ji ta, "ruwan nan da yak kore mu, ina za shi tsaya?"

"Akwai taswira a ofis, Inna. An rubuta."

"An rubuta," in ji ta.

Ta ɗauki tukunyar ta kai ƙuryar ɗaki, ta rufe ta da tsohon zane. Ta ce ba za ta fasa lakar ta shuka irin ba sai ta ga bakin ruwan da idonta. Sannan ta ce ya tashi ya nemi mai faci tun da sauran rana, don ita ba ta da tabarmar baƙo.